Ta Ina Sanyi da Ƙurar Hunturu Suke Shigowa Ɗaki Alhali an Rufe Ƙofa da Taga?

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa cikin Maris, ƙorafi ɗaya ne a gidaje tun daga Sakkwato har Maiduguri, daga Jos har Damagaram. An rufe taga, an sa sakata, an saki labule, amma da asuba sai ka ji wani siririn sanyi yana lasar ƙafarka. Gari na wayewa kuma ka tarar ƙura ta yi fari fat a kan talabijin da kwanuka kamar jiya ba a yi shara ba. Masu ciwon asma da tsofaffi da jarirai su suka fi ji a jikinsu. To ta ina wannan iska take shigowa?

Iska dai ba ta ratsa gilashi, ba ta kuma ratsa bangon da aka yi wa filasta mai kyau. Kafin ta shiga ɗaki sai abu biyu sun haɗu: kafar da za ta bi, da ƙarfin da zai tura ta. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A maganar iska sai mu ƙara da cewa ko bangon ya tsage, sai an sami abin da ya koro ƙadangaren. Bari mu fara da abin da ke koro shi, sannan mu koma kan tsagar.

Me yake tura iska cikin ɗaki?

Iska tana da nauyi, ko da yake ba ma jinsa. Idan ka sami akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare, wato kubik mita ɗaya, iskar da ke cikinsa ta kai kusan kilo 1.2. Duk abin da yake da nauyi kuwa, idan ya taho da gudu ya daki abu sai ya matsa shi. Wannan shi ake kira matsin iska, ana kuma auna shi da ma'aunin Faskal, sunan wani masanin kimiyya Bafaranshe da ya rayu a ƙarni na 17. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kullum iska tana barin inda matsi ya fi yawa ta nufi inda ya fi ƙaranci, kamar yadda ruwa yake barin tudu ya nufi kwari.

Abu na farko da ke kawo bambancin matsi tsakanin ɗaki da waje shi ne kaɗawar iska. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tahowa, daga Sahara. Kaso mai yawa na ƙurar da take ɗauke da ita daga kwarin Bodele ne a arewacin Chadi, wani busasshen gindin tafki da ake lissafawa cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Idan wannan iska ta daki bangon gidanka na arewa ko na gabas, matsi yana ƙaruwa a nan. A bangon da ke bayan gida kuma, inda iskar ta kewaye ta wuce, matsi raguwa yake yi. Ka ga ke nan gidan ya shiga tsakani: ta gaba ana tura masa iska, ta baya ana zuƙe ta.

Akwai wani abu a nan da ya kamata mai karatu ya riƙe. Matsin ba ya ƙaruwa daidai da gudun iska, ninkawa yake yi. Iska mai gudun kilomita 18 a awa tana iya matsa bango da kusan Faskal 15. Idan gudunta ya ninka ya zama kilomita 36, matsin zai kai kusan 60, wato ninki huɗu. Shi ya sa ɗakin da yake lafiya lau a daren da iska ta kwanta sai ya zama kamar rumfa ranar da ta taso.

Abu na biyu shi ne bambancin zafi. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi rashin nauyi; idan bambancinsu ya kai digiri 10 a ma'aunin Salshiyas, mai sanyin ta fi nauyi da kusan kashi uku da rabi cikin ɗari. Da daddare, ɗakin da mutane suke kwance a ciki, bangonsa kuma ya sha rana tun safe, ya fi waje ɗumi. Sai iskar ɗakin ta tashi sama ta nemi hanyar fita ta saman taga ko ta tsagar silin, ta waje mai sanyi kuma ta shigo ta ƙasan ƙofa ta maye gurbinta. Wannan ne dalilin da ya sa mai kwana a ƙasa kan tabarma ko katifa ya fi mai kwana a gado shan sanyi. A ɗaki mai tsayin mita 3 matsin da wannan ke haifarwa bai wuce Faskal ɗaya da ɗoriya ba, amma a gidan bene yana ƙaruwa gwargwadon tsayin ginin, kuma shi ba ruwansa da ko iska na kaɗawa ko ba ta kaɗawa. Lokacin bazara, idan an kunna na'urar sanyaya ɗaki, abin juyewa yake yi: sanyin da ka biya kuɗin wuta ko na fetur ka samar shi ne zai riƙa silalewa ta ƙasan ƙofa, zafi yana shigowa ta sama.

Abu na uku shi ne fankar da ke zuƙe iska ta fitar waje, irin wadda ake sawa a kicin ko banɗaki. Duk iskar da ta fitar dole wata ta shigo a madadinta, ta duk kafar da ta samu.

Wato dai duk inda iska ta shiga, akwai inda wata ta fita. Mutum yakan toshe wurin da yake jin sanyin ya manta da mafitar, alhali su biyun tare suke aiki.

Ƙaramar kafa ba ƙarama ba ce

Da yawa muna raina ratar da ke gefen ƙyaure saboda ko ɗan yatsa ba zai shiga ba. Mu yi ɗan lissafi. Ɗauki ƙofa mai tsayin mita 2 da faɗin santimita 90. Kewayenta mita 5.8 ne. Idan akwai ratar milimita 3 kacal a duk kewayen, jimlar faɗin kafar ya kai murabba'in santimita 174. Kamar ka huda rami ne a bango mai santimita 13 tsawo da 13 faɗi ka bar shi a buɗe dare da rana. Da za ka ga irin wannan rami a ɗakinka, ai ba za ka kwana ba ka toshe shi ba.

Ratar ƙasan ƙofa kaɗai, idan ta kai santimita ɗaya, murabba'in santimita 90 ce. Da bambancin matsi na Faskal 4, wanda iska matsakaiciya take iya kawowa, kusan kubik mita 50 na iska zai bi ta nan a cikin awa ɗaya. Ɗaki mai mita 4 tsawo, 4 faɗi, 3 tsayi kuwa, duk iskar cikinsa kubik mita 48 ce. Ma'ana, muddin akwai mafita ta wani gefen, ratar ƙasan ƙofa ita kaɗai ta isa ta sauya iskar ɗakin sau ɗaya a kowace awa, da sanyinta da ƙurarta.

Ita ƙurar ma ba ta buƙatar babbar hanya. Kaurin gashin kan mutum bai wuce maikiromita 50 zuwa 100 ba, shi kuwa maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ƙwayoyin ƙurar da suke bin numfashi su shiga ƙirji ba su kai maikiromita 10 ba, waɗanda ba su kai 2.5 ba kuma suna isa can cikin huhu. A wurinsu ratar milimita ɗaya babban titi ce.

Daga ina kafofin suke fitowa?

Idan ka lura, kusan duk kafofin a mahaɗa suke: inda ƙyaure ya haɗu da firam, inda firam ya haɗu da bango, inda gilashi ya haɗu da ƙarfe. Dalili kuwa shi ne kayan gini ba a tsaye suke cak ba. Kowanne yana kumbura yana tsukewa, kuma ba tare suke yi ba.

*Katako da laima.* Katako yana shan laimar iska yana kuma fitar da ita. A watan Agusta laimar iska a Kano takan haura kashi 80 cikin ɗari, a tsakiyar hunturu kuma da rana takan sauko ƙasa da kashi 20. Katakon da ya daɗe a iska mai laima 80 yana riƙe ruwan da ya kai kusan kashi 16 na nauyinsa, a iska mai laima 20 kuwa bai kai kashi 5 ba. Yayin da ruwan nan yake fita, katakon yana tsukewa, kuma ta faɗi yake tsukewa, ta tsawo kusan ba ya motsi. Ƙyauren da aka jera fale-falen katako aka yi shi, idan babu fenti, yana iya rage kusan kashi 2 cikin ɗari na faɗinsa. A ƙyaure mai santimita 80, abin ya haura santimita ɗaya ke nan.

Ga inda ake yin kuskure. Da damina ƙyaure ya kumbura yana cijewa, sai a kira kafinta ya fere gefensa har ya riƙa rufuwa sumul. Hunturu na zuwa sai katakon ya koma yadda yake, abin da aka fere kuma ba zai dawo ba. Haka nan idan da ɗanyen katako aka yi ƙofar tun farko, shekarar farko za ta tsuke sosai, wani lokaci har ta murɗe, sama ta taɓa firam ƙasa ta bar rata.

*Ƙarfe da zafin rana.* Shi ƙarfe ba ruwansa da laima, zafi ne yake motsa shi. Alminiyum yana miƙewa da kusan milimita 0.023 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Baƙin ƙarfe da kankare rabin haka suke yi, gilashi ma bai kai rabi ba. Firam ɗin alminiyum mai tsawon mita 2 da ya yi sanyi da asuba, rana kuma ta gasa shi har zafinsa ya ƙaru da digiri 30, zai miƙe da kusan milimita 1.4, simintin da ke riƙe da shi kuma bai wuce 0.7 ba. Bambancin bai kai milimita ɗaya ba, amma kullum ne, safe da yamma, shekara da shekaru. Siminti kuwa ba ya talewa, tsagewa yake yi. Shi ya sa za ka ga wani siririn layi ya zagaye firam ɗin taga, a cike shi da siminti, baɗi ya dawo.

*Tagar luba.* Ita wannan taga mai jerin gilasai siri-siri don ƙasashe masu zafi aka yi ta, domin iska ta wadata a ɗaki, kuma a wannan fanni babu kamarta. Amma ko an rufe ta ruf, gilashi ne ya kwanta a kan gilashi, babu roba a tsakani. Taga mai gilasai 8, kowanne tsawonsa santimita 60, idan ratar da ke tsakaninsu milimita 2 ce, jimlarta ta kusa murabba'in santimita 100, ban da ta gefe inda maƙallan suke. Idan maƙallan suka saki ko suka yi tsatsa, ko gilashi ɗaya ya fashe aka musanya shi da wanda bai kai shi faɗi ba, sai abin ya ƙaru.

*Tagar alminiyum mai zamewa.* Tunda dole ɓangarorinta su zame su wuce juna, ba za a iya matse su ba. Abin da ke tare ratar wani siririn burushi ne mai laushi da aka zura a gefen firam. Ƙura da yashi suna cinye shi, rana tana busar da robar da ke riƙe gilashin har ta tsuke ta bar kusurwoyi a buɗe. Wasu masu haɗa tagar ma ba sa sa burushin gaba ɗaya don rage kuɗi. Tagar da ake turawa ta buɗe kamar ƙofa, idan tana da roba a kewaye da mariƙi mai matsewa, ta fi mai zamewa tare iska nesa ba kusa ba.

*Ƙyaure ya sauka.* Nauyin ƙyaure duk a kan hinji yake, wato ƙarfen da yake juyawa a kai. Idan sukurun hinjin sama suka saki, ko gara ta ci firam ta ciki, ko walda ta ɗage a ƙofar ƙarfe, sai ƙyauren ya karkata. Alamarsa ita ce rata mai faɗi a kusurwar sama ta wajen makulli, ƙasan kuma yana jan daɓe. Yara masu lilo a jikin ƙofa suna hanzarta wannan. Haka kuma idan harshen makulli ba ya kama raminsa da kyau, ƙyauren zai riƙa kaɗawa, iska tana tura shi tana wucewa.

*Ƙasan ƙofa.* Sau da yawa akan sa ƙofa kafin a yi daɓe ko a shimfiɗa tayil, sai a bar rata mai yawa don kada ta cije daga baya. Gidajen da aka yi wa dokin ƙofa mai ɗan tudu wanda ƙyaure yake jingina da shi ba su cika fama da wannan ba. Ƙofar ƙarfe kuma daga ƙasa tsatsa take fara cinta, saboda ruwan wanki da na sama.

*Gini ya motsa.* A wuraren da ke da baƙar laka mai kumbura, irin wadda ake kira firgi a yankin tafkin Chadi, ƙasa tana kumbura da damina ta tsage da rani, harsashin gini yana hawa yana sauka tare da ita. Tsagar bango ta fi son farawa daga kusurwar taga ko ta ƙofa, domin nan ne bango ya fi rauni, musamman idan linta ba ta da ƙarfi. Tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga, tana kuma ƙara faɗi duk shekara, ta wuce maganar sanyi. A nemo injiniyan gini ya duba.

*Ramukan da muka huda da hannunmu.* Ramin bututun na'urar sanyaya ɗaki, na wayar dish, na wayar janareta ko ta sola, na famfo, da wurin da aka fasa bango aka dasa ƙarfen tsaro na taga. Mai aiki yakan huda ramin da ya fi wayar girma ya tafi abinsa. Sai kuma silin. Iska tana shiga ƙarƙashin kwano ta bakin rufi, daga nan ta sauko ta tsagar da ke tsakanin silin da bango, ko ta ramin fanka da na ƙwan lantarki. Sau da yawa ana ɗora wa taga laifin da na silin ne.

Sanyin da ba ta kafa ya shigo ba

Wani lokaci taga lafiyarta lau, amma idan ka zauna kusa da ita sai ka ji kamar iska na hurowa. Gilashi mai falle ɗaya da ƙofar ƙarfe ba sa riƙe zafi. Da dare suna yin sanyi kusan daidai da waje, iskar ɗakin da ta taɓa su sai ta yi sanyi, ta yi nauyi, ta gangaro ƙasa ta bi daɓe. Ban da wannan, jikinka ma yana aika zafinsa kai tsaye zuwa ga duk abin da ya fi shi sanyi, kamar yadda garwashi yake aiko maka da nasa ba tare da ka taɓa shi ba. A ƙasashe masu tsananin sanyi maganin da suka yi wa wannan shi ne gilashi mai falle biyu da iska a tsakani, wanda yake rage asarar zafi da kusan rabi. A wurinmu labule mai kauri da ya sauka har ƙasa, ya kuma rufe gefe da gefe, yana yin aiki mai yawa. Tsoffin gine-ginen ƙasa masu kaurin bango da ƙananan tagogi can sama, ga asabari a bakin ƙofa, ga zaure da katanga suna karya ƙarfin iska kafin ta iso ɗaki, sun daɗe da magance rabin wannan matsala.

Me ya sa ɗan motsin iska kaɗan yake damun mutum haka? Jiki yana ɗumama wata siririyar iska da ke manne da fata, ita ce rigarsa ta farko. Iska mai motsi tana share ta, busasshiyar iskar hunturu kuma tana ƙara da busar da danshin fata, wanda shi ma sanyi yake jawowa. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, P. O. Fanger, ya yi bincike a kan wannan a shekarun 1980, ya nuna cewa iskar da take zuwa tana ɗaukewa ta fi mai tafiya bai ɗaya damun mutane ko da gudunsu ɗaya ne. Irin wadda take shigowa ta kafa ke nan.

Yadda za ka gano kafar

A Turai da Amurka akwai gwajin da ake yi wa gidaje: a ɗaura babbar fanka a bakin ƙofa, a zuƙe iskar gidan har bambancin matsi ya kai Faskal 50, sannan a auna yawan iskar da ke kutsowa. Gidajen da ake ginawa a kan tsarin Passivhaus, wanda aka fara a birnin Darmstadt na Jamus a 1991, ba a yarda iskar da ke shiga a wannan gwaji ta wuce kashi 60 cikin ɗari na iskar gidan a awa ɗaya ba. Sai dai su suna da na'urar da ke shigo da sabuwar iska dare da rana. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mu kuwa hunturu ya yi mana gwajin kyauta. Kafin a yi shara da safe, duba inda ƙura ta yi layi ko ta taru kamar an busa ta: bakin taga, gindin ƙofa, gefen silin, bayan labule. Nan ne hanyar. Bayan wannan akwai dabaru uku. Da dare ka kashe fitilar ɗaki, wani ya zagaya gefen ƙofa da taga da tocila daga waje. Duk inda haske ya ɓullo, iska ma za ta ɓullo. Ko ka sa takarda tsakanin ƙyaure da firam ka rufe, ka ja. Idan ta zare ba tare da ta cije ba, akwai rata, sai ka gwada a sama da tsakiya da ƙasa. Ko kuma ranar da iska take kaɗawa ka kashe fanka, ka kunna turaren tsinke, ka bi gefen firam da shi a hankali kana kallon hayaƙin, amma ka yi nesa da labule. Inda hayaƙin ya kaucewa taga, mashiga ce. Inda ya bi ta cikin ratar, mafita ce.

Gyara

A fara da bangon arewa da na gabas, a kuma fara da manyan kafofi. A ɗaure sukurun hinji, idan ramin ya buɗe a sa wanda ya fi tsawo. A gyara makulli ya riƙa matse ƙyaure. Ƙasan ƙofa a buga masa falle na roba da zai riƙa shafar daɓe, ko a ɗinka doguwar jaka ta tsumma a cika ta da yashi a kwantar. Gefen ƙyaure a manna masa siririn soso ko roba mai lotsawa, domin idan damina ta zo katako ya kumbura ƙofar ta iya rufuwa.

Tsagar da ke tsakanin firam da bango a cike ta da silikon, domin shi yana talewa ya bi motsin ƙarfen. A share ƙura tukuna, wurin ya bushe, in ba haka ba ba zai kama ba. Burushin tagar alminiyum ana sayar da shi, ana kuma sauyawa. Amma a lura, akwai wasu ƙananan ramuka a ƙasan firam ɗin ta waje. Ba kuskuren mai haɗawa ba ne, mafitar ruwan sama ce. Idan aka toshe su, da damina ruwa zai taru ya gangaro cikin ɗaki. Tagar luba ta wajen iska kuma a lulluɓe ta da leda mai kauri har hunturu ya wuce. Mai yin sabuwar ƙofa ya nemi busasshen katako, a yi masa fenti ta ko'ina har da bakin sama da na ƙasa, don ta nan laima ta fi shiga.

Kada a toshe ko'ina

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi kowanne muhimmanci. Ɗaki yana buƙatar sabuwar iska, kuma a yawancin gidajenmu babu wata na'ura da ke kawo ta. Kafofin nan da muke ƙorafi a kansu su ne suke yin aikin. Idan aka toshe su gaba ɗaya, dole a buɗe wata hanya da gangan.

Haɗarin da ya fi girma shi ne kaskon garwashi. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Tana kama sinadarin jini mai ɗaukar iskar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin fiye da sau 200, sai jiki ya rasa abin da yake rayuwa da shi. Mutane da yawa suna zaton idan hayaƙi ya ƙare, garwashi ya yi ja, shi ke nan babu matsala. Ba haka ba ne, jan garwashi yana ci gaba da fitar da ita. Alamominta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba zai ji komai ba. Ɗakin da a da ake kwana da garwashi a tashi da ɗan ciwon kai kawai, yana iya yiwuwa ratar ƙofa ce take ceton mutanen cikinsa. Ranar da aka toshe ta, labari zai iya sauyawa. Saboda haka kada a kwana da garwashi a ɗaki, ko an bar taga a buɗe. Janareta ma haka, kada a ajiye shi a cikin gida, ko a baranda, ko a gindin taga, domin matsin nan da muka yi bayani shi zai zuƙo hayaƙinsa ta kafofin ya shigo da shi. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri a lokaci guda, a fitar da kowa waje nan take, a buɗe ko'ina, a tafi asibiti.

Ko babu wuta, ɗakin da mutane da yawa suke kwana a rufe ruf yana sauƙaƙa yaɗuwar cututtukan da ke bin numfashi, irin su tarin fuka da sanƙarau, shi sanƙarau kuwa dama lokacin rani ne yake tashi a yankinmu.

Abin da ya dace shi ne a toshe na gefen iska da na ƙasa, inda sanyi da ƙura suke bugun mai barci, a bar ƙaramar hanya can sama a bangon kudu ko na yamma, a sa mata raga ko yadi mara kauri da za a riƙa wankewa. Da hantsi kuma, idan rana ta ɗaga kuma hazo ya yi sauƙi, a buɗe tagogi na ɗan lokaci iskar ɗaki ta sauya, sannan a goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, don kada a sake tayar da ita. Allah ya sa mu ga bayan hunturu lafiya.